Daren da Filas Ya Mutu a Hamdara

Kwanan baya wasu samari biyu suka shigo shagona a Kara-Kara da wata tsohuwar kyamara mai cin fim, ɗayansu ya tsinto ta a akwatin mahaifinsa. Wai so suke in koya musu ɗaukar hoton dare irin na da, sun gani a waya ya ba su sha'awa. Na tambaye su tsawon lokacin da suka ware wa koyon. Mai kyamarar ya ce, "Baba, ai zuwa Lahadi ma ya isa. Ba latsawa ba ce kawai?" Na ce masa latsawa ce mana, kamar yadda ɗinki yake zura zare a allura kawai. Na ba su benci suka zauna, na ba su labarin da zan ba ku yanzu.

Ni a hannun Malam Laminu na koyi hoto, a wani ɗan shago cikin Zango. Mutum ne gajere, mai ƙaramar murya, ba ya faɗa, amma in ya dube ka ta saman tabarau ka gwammace ya mare ka. Na daɗe a wurinsa ban taɓa kyamara ba. Aikina shara, ɗebo ruwa, riƙe labulen da ake tsayawa a gabansa, da yanke gefen hotunan dantite, wato na katin shaida, da almakashi. Yawancin masu zuwa wurinmu su ke nan: 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, masu jarrabawa, masu neman takardar tafiya, sai matan da suka yi sabon ɗinki suna son a san sun yi. Bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da aka toshe tagarsa da kwali, aka rataya bargo a ƙofar. Nan ake wankin hoto. A ciki akwai tasoshi na magani, da igiyar shanya, da jar fitila, da injin da ke sauke hoto daga fim zuwa takarda. Fim ɗin da aka wanke kilishe muke ce masa, kalmar Faransanci ce, kuma ba baƙauye ɗaya ba ne ya ji ana cewa a miƙo kilishe ya gyara zama yana jiran nama.

Da rana hoto ba wuya, rana ce ke yi maka rabin aiki. Dare shi ne ke nuna wanda ya iya. Farkon fim ɗin da Maigida ya yarda na ƙona da dare, lokacin ɗari ne, na tafi teburin wani mai shayi a bakin tasha. Na ɗauki mai shayin, na ɗauki masu sha, na dawo ina tafiya kamar wanda ya ci gari. Da aka wanke, babu kowa a ciki. Baƙi ƙirin, sai ɗigon fitila nan da can. Malam Laminu ya ɗaga takardar ya duba, ya ce, "Habu, ka ɗauki dare, ya kuma fito sosai. Saura mutanen."

Ya nuna mini cewa in haske ya yi kaɗan, sai a bar idon kyamara a buɗe ya daɗe yana sha, kamar yadda ake barin tulu a ƙarƙashin famfon da ke ɗiga. Akwai wuri a jikin kyamarar da ake juyawa, muddin yatsanka na kan maɓalli ido ba zai rufe ba. Amma duk abin da ya motsa a wannan tsakani ya lalace. Na koma wurin mai shayi. Wannan karon mutane sun fito, sai dai kowa da kai biyu, mai shayin ma hannu uku gare shi. Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Sanyin Damagaram ba ya kashe mutum, amma yana sa shi rawar ɗari, kuma rawar da idonka ba ya gani fim yana gani. Ni ina karkarwa, su suna karkarwa, hoto ya zama kunu.

Daga nan ya ba ni ƙafa uku ta ƙarfe da ake ɗora kyamara a kai, da wata 'yar igiya da ake ɗaurawa a maɓalli, ka latsa daga nesa ba tare da ka taɓa kyamarar ba. Agogo kuwa ba ya ganuwa cikin duhu, saboda haka Maigida da karatu yake auna lokaci. In akwai lantarki kusa, Bisimilla ɗaya ta isa. In fitilar ƙwai ce da wutar kara, sai Ƙulhuwallahu guda, ba da gudu ba, ba kuma da jan murya irin na mai son a ji shi ba. Ya ce ko hoton bai fito ba ka samu lada. Na samu lada mai yawa a wannan ɗarin.

Ɗakin wanki ma yana da tasa fitinar. Maganin da ke fito da hoto ba ya son sanyi. Ruwan da ya kwana a randa cikin ɗari, in ka haɗa magani da shi, sai maganin ya yi barci, kilishe ya fito fari fes kamar ba a ɗauki komai ba. In ka zuba ruwan zafi ya wuce kima, fuskar fim ta saɓule. Ma'aunin zafin da muke da shi ya fashe tun kafin zuwana, don haka da bayan ƙaramin yatsa Maigida yake gwadawa. In ka ji sanyi bai yi ba, in ka ji ɗumi ya wuce, sai ka ji kamar ba ka taɓa komai ba. Hannuwana duk suka tsattsage da magani da sanyi, in na zo alwala sai na cije baki.

Shekarar da zan ba ku labarinta ita ce shekarar da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi. Duk abin da muke aiki da shi daga waje yake zuwa, fim da takarda da magani da pil, wato batirin filas mai walƙiya, sai komai ya yi tsalle lokaci ɗaya. Masu hoton kwalliya suka ɗauke ƙafa, wanda bai cika tukunya ba ba ya tunanin bango. Shaguna da dama suka rufe, wani abokin Maigida ya sayar da injinsa ya koma sayar da goro. Mu kuwa muka koma tsimi. Fim ba a wanke shi sai ya cika, magani a yi ta amfani da shi har ya koma kalar shayi, pil in ya raunana ba a zubarwa, a shanya shi a rana ko a saka shi a hammata ya ji ɗumi, a sake matsar ɗan abin da ya rage a cikinsa.

Wata Laraba da hantsi wani saurayi ya shigo, dogo, kafaɗunsa na manomi, ya gaida Maigida har ƙasa. Sunansa Mutari, daga wani ƙauye kusa da Hamdara. Gero bai yi ba a wajensu, ya samu kamiyon, babbar motar kaya, da zai ɗauke shi zuwa Agadas, daga can ya wuce Libiya aikin gini. Jibi da asuba za su tashi, kuma wanda ya bi wannan hanya ba ya sa ranar dawowa. Abin da yake so hoto ne guda, shi da mahaifiyarsa, ya tafi da shi ko a aika masa.

Malam Laminu ya ce, "To ka kawo ta mana, ga labule ga kujera."

Mutari ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, ni ne ɗan farinta."

Maigida ya cire tabarau ya goge. Ku yaran yanzu da kuke rungume iyayenku mata kuna ɗaga waya sama ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A ƙauyukanmu mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta kallon fuskarsa a gaban mutane. Ba ƙi ba ne, kara ce, haka ta ga uwarta ta yi. Mutari kakarsa ce ta goya shi, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa haɗa ido da uwarsa ba. Ya ce ƙanwarsa Rabi ta yi kwanaki tana lallashi kafin tsohuwar ta yarda, shi ma da sharaɗi: ba da rana ba, ba a gaban maƙwabta ba, sai bayan lisha a cikin gida, daga ita sai su.

Maigida yana fama da tari a lokacin, tafiyar dare cikin sanyi ba tasa ba ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, kamar mai taya rago a kasuwa. Sannan ya miƙo mini kyamara da ƙafa uku da igiya da filas. Ya ce fim ɗin da ke ciki ya kusa ƙarewa, ɗauka uku suka rage, kuma babu wani sai an kawo daga Kano. Ni kuwa har ranar ban taɓa fitar da hoton dare ɗaya da za a nuna wa mutum ba.

Washegari muka bi motar kasuwa, muka ƙarasa da ƙafa, muka isa gab da magariba. Gida ne na dangar kara, rumbu a tsakiya. Aka ba ni tuwo na ci a zaure. Bayan lisha Rabi ta leƙo ta ce in shigo. An hura wutar kara a tsakar gida saboda sanyi, an shimfiɗa tabarma, Mutari na zaune a gefe ɗaya cikin rigarsa ta sallah. Can sai ga Inna Mariyama ta fito daga ɗaki, 'yar siririyar mace, ta lulluɓe da mayafi. Na gaishe ta ta amsa da sakin fuska, har ta tambaye ni mutanen birni. Amma da Rabi ta nuna mata tabarma, sai ta zauna can ƙarshen baki, tsakaninta da ɗanta za a iya shimfiɗa wani mutum.

Na ce, "Inna, a ɗan matso kaɗan, kyamarar ba ta da faɗi."

Ta ce, "Ka gaya wa wancan ya matso, ni na zauna."

Wancan ya matso. Na kafa ƙafa uku, na sa Rabi ta riƙe fitilar ƙwai kusa da fuskokinsu don in ga inda zan daidaita, na kunna filas na jira kukansa ya cika. Na ce a dubo nan. Ina latsawa, kafin hasken ya gama fita, ta ja mayafi ta rufe fuska. Rabi ta yi ta magiya. Aka sake shiri. Na biyu kuwa ba ta rufe fuska ba, ƙeya ta juyo mini gaba ɗaya. Ba da gangan take ɓata mini aiki ba, na lura jikinta ne ke yi kafin ta yi shawara. Ta san walƙiyar nan ita ce hoto, kuma da ta ji na ce a dubo, sai wuyanta ya juya da kansa.

Saura ɗaya. Na kunna filas, ya fara kuka, kukan ya yi ƙasa, ya mutu. Sanyi ya gama da pil ɗin. Na ce su yi haƙuri filas ya mutu, bari in ɗuma shi. Na zare pil na cusa a hammata, na ja bargona na tsuguna gefen kyamara, raina a ɓace. Ina tunanin abin da zan gaya wa Maigida, da abin da za a aika wa yaron nan ƙetaren sahara: mayafi da ƙeya.

Da suka ji abin ya mutu sai kowa ya saki jiki. Rabi ta ajiye fitila a kan turmi ta shiga ɗaki neman ashana. Mutari ya zuba wa wuta ido, hannuwansa bisa gwiwa. Ni kuma an manta da ni, mai hoton da ba shi da walƙiya ai ba kowa ba ne. Sai na ga Inna Mariyama ta juyo a hankali. Ta dubi ɗanta daga gefe, tun daga hula har gemu, kamar mai haddace shi. Ba ta motsi, ko rawar ɗarin ba ta yi. Wutar karan ta kama sosai a lokacin, ga fitila a kan turmi tana haska mata kunci.

Igiyar tana hannuna a ƙarƙashin bargo. Na miƙa ɗaya hannun na juya kyamara zuwa inda ido ke tsayawa a buɗe, kamar mai gyaran wani abu, na latsa, na fara Ƙulhuwallahu a zuci. Ban taɓa jin surar nan ta yi mini tsawo ba sai ranar. Ina tsoron kara ya fashe ya watsa tartsatsi, ina tsoron Mutari ya ɗago, ina tsoron haƙorana da ke kaɗawa su tona ni. Na kai ƙarshe na saki. Rabi ta fito da ashana, tsohuwar ta mayar da kanta ga danga kamar ba a yi komai ba. Na ce musu pil ya ƙi tashi, amma a bar ni da abin da na samu. Mutari ya yi mini godiya, muryarsa ba ƙarfi. Da asuba ya tafi, ya bar mini sunan wani shofer, direban da ke bin hanyar, wanda zai iya kai masa saƙo.

Malam Laminu bai bar ni na wanke fim ɗin ni kaɗai ba, amma bai karɓe ba. Ya tsaya a bayana yana tari. Na ɗora buta a wuta, na surka ruwa ina tsoma ƙaramin yatsa, na ƙara na sanyi, na ƙara na zafi, har na ji kamar ban taɓa komai ba. Ya tsoma nasa yatsan bai gyara mini ba, wannan a wurinsa yabo ne. Ya ce in ƙara wa fim ɗin lokaci a cikin magani tun da hasken wuta ne. Da kilishe ya bushe muka sauke na ƙarshen a takarda, muka tsoma a tasa ƙarƙashin jar fitila. Wutar ce ta fara fitowa, sai kafaɗar Mutari, sai hularsa. Can sai fuskarta ta taso daga cikin ruwan, tas, har ana ganin ƙyallin idonta. Daɗi ya kama ni har na manta ina gaban wa, na ce, "Maigida, ya fito."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ta san kana ɗauka?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ba naka ba ne, ba kuma na Mutari ba ne tukuna. Sai mai fuskar ta gani. In ta ce a ƙona, a ƙona."

Na yi gardama iyakar yadda yaro ke iya yi da maigidansa. Na ce yaron ya riga ya tafi, ba shi da wani, kuma wannan ne hoton dare na farko da ya taɓa yi mini kyau. Ya ce ya ji duka, ya ci gaba da shanya hotunan dantite.

Muka aika ƙauyen. Ranar Alhamis ta kasuwar Dole sai ga su ita da Rabi, sun kawo gyaɗa sayarwa. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma bakin ƙofa. Maigida ya miƙa mata na mayafi, ta ce wannan ya yi. Ya miƙa mata na ƙeya, ta ce shi ma ba laifi. Sannan ya miƙa mata na ukun. Rabi ta leƙa ta kafaɗarta, dariya ta kuɓuce mata, harara ɗaya ta mayar da ita. Tsohuwar ta riƙe takardar da hannu biyu tana kallo, har na ji ana kiran azahar daga masallacin tasha.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ba kai ka ce abin ya mutu ba?"

Na ce, "Filas ne ya mutu, Inna. Kyamarar da ranta."

Ta ce, "Ashe sana'ar taku har da kwanton ɓauna."

Malam Laminu ya ɗauko kilishen ya ajiye a gabanta tare da ashana. Ya ce, "Yaya, yaro ne ya yi, amma shagona ne. In kin ce kada a gani, ga shi ga uwarsa kilishen, yanzu a gabanki, ba wanda zai sake fitar da shi. Sai mu aika masa na mayafin."

Ta dubi ashanar, ta dubi hoton. Ni dai na kafe ido a ƙasa. Ta tambaya ko can inda wancan ya tafi akwai wanda ya san ta. Maigida ya ce da wuya. Ta sake duban hoton. Sannan ta tura masa hoton da yatsa, ta gyara mayafi ta miƙe.

Ta ce, "A aika. Amma a gaya masa akuya ce ta kwance a bayansa, ita nake dubawa." Ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ita kuma wannan yarinyar tana son guda ɗaya."

Rabi ta ce, "Ni?" Gwiwar hannu ta same ta a haƙarƙari, ta ce e, tana so.

Na fitar da biyu. Ɗaya Rabi ta zo ta karɓa, ɗaya na naɗe cikin kwali na kai wa shofer a tasha, na maimaita masa saƙon akuya har sai da ya riƙe shi yadda aka faɗa. Ya dube ni kamar ba ni da lafiya, amma ya ce zai isar.

Shekaru suka wuce, Malam Laminu ya rasu, na buɗe nawa wurin. Wata rana wani mutum mai furfura a gemu ya shigo yin hoton dantite, ya tsaya yana kallona, ya kira sunana. Mutari ne. Ya ce tsohuwar ta rasu yana can, bai samu jana'iza ba. Ya zaro hoton daga aljihun gaba, cikin leda, gefunansa duk sun cinye. Na tambaye shi ko shofer ya isar da saƙon baki. Ya ce ya isar, kalma bayan kalma. Ya mayar da hoton aljihu ya danna da tafin hannu.

Ya ce, "Malam Habu, gidanmu tumaki muke kiwo. Ba mu taɓa ajiye akuya ba."